Me muke nema a gungun galaksi, kuma yaya ake haɗa shi da aji?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam, ina lebul 300 a fiziks, naji ance bincikenka akan gungun galaksi ne. Dan Allah menene ainihin abinda kuke nema a wurin, yaya kake haɗa binciken da koyarwa, kuma mutum zai iya bin wannan layin daga nan alhali bamu da babban teleskof?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Tambayar taki uku ce a ƙunshe, kuma ta farkon ita zata fi cin lokaci, don in baki gane abinda muke aunawa ba to sauran biyun bazasu zauna miki ba.

Bari na fara raba miki abu biyu da ɗalibai suke yawan cakuɗawa. Kaza da 'ya'yanta da muke gani da ido lokacin sanyi gungun taurari ne, a cikin galaksinmu suke, haskensu wajen shekara 440 yake yi a hanya kafin ya iso mu, a ma'aunin aikinmu wannan kusa ne ƙwarai. Shi kuwa galaksi tarin taurari ne da gas da ƙura da girabiti ya ɗaure wuri ɗaya, namu Milky Way yana da taurari tsakanin biliyan 100 zuwa 400, babban maƙocinmu Andromeda yana nisan shekarar haske miliyan 2.5, shekarar haske kuwa ita ce nisan da haske ke ci a shekara ɗaya. To gungun galaksi shine idan ɗaruruwa ko dubban irin waɗannan suka taru girabiti ya riƙe su basa iya rabuwa, kuma a duk abubuwan da girabiti ya gama ɗaurewa suka zauna babu wanda ya kai su girma. Mafi kusa damu shine Virgo, nisan shekarar haske wajen miliyan 54, galaksi sun haura 1,000 a ciki, a tsakiyarsa babban galaksi M87 yake wanda aka fitar da hoton baƙin raminsa a 2019, baƙin rami wuri ne da girabitinsa ko haske baya iya kuɓuce masa. Virgo yana kan digiri 12 arewa a taswirar sama, Kano ma tana kan digiri 12 arewa, wato a watan Afrilu wajen tsakar dare ta saitin tsakiyar kanki yake wucewa, ido ne kawai baya kama shi. Sai Coma, shi yafi Virgo nauyi nesa ba kusa ba, yana nisan shekarar haske wajen miliyan 320. Wani Ba'amurke George Abell ya zauna a 1958 ya bi hotunan sama na cibiyar teleskof ta Palomar a Amurka ɗaya bayan ɗaya da ido ya lissafa gungu 2,712, shi yasa har yau zaki ji muna cewa Abell kaza Abell kaza, lambobinsa ne.

Abinda muke yi a taƙaice awo ne. Muna so mu san nauyin gungu, da kuma inda nauyin yake zaune a ciki, duk sauran tambayoyin daga nan suke ɓullowa.

Wanda ya fara wannan awon shine Fritz Zwicky a 1933, ɗan Suwizalan ne yana aiki a Caltech a Amurka. Gudun galaksi takwas kacal yake dashi na cikin Coma, sai ya lura suna kai-komo da sauri fiye da ƙima, wajen kilomita 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Ki tuna majajjawa, duk yadda kika ƙara saurin juya dutse dole igiyar ta zama mai ƙarfi, in ba haka ba ta tsinke dutsen ya kama gabansa. A nan igiyar ita ce girabiti, girabiti kuma daga nauyi yake zuwa. Da irin wannan gudun galaksi zai ratsa gungun daga gefe zuwa gefe cikin 'yan biliyoyin shekaru, sararin duniyar gaba ɗaya kuma ya shekara biliyan 13.8, kinga da nauyin taurarin da ake gani ne kawai yake riƙe dasu da tuni Coma ya watse. Da ya buga lissafi sai ya samu nauyin da ake buƙata ya ninka na abinda ke haske wajen sau 400. Lambar tasa tayi yawa saboda ma'aunin nisa na wancan zamanin ba daidai yake ba, amma asalin maganar ta tsaya, akwai nauyi mai yawan gaske da baya bada haske. Shine abinda zaki gani a littattafanku da sunan dark matter, ni a aji ɓoyayyen abu nake ce masa. Kusan shekara 40 maganar tana ajiye a gefe sai da Vera Rubin da abokin aikinta Kent Ford suka auna yadda taurari ke zagaya galaksi a shekarun 1970 suka ga abu ɗaya, gefen galaksi yana gudu fiye da yadda hasken da ake gani zai iya riƙewa.

Sai kuma abu na biyu da ya canza komai, kuma daga Afirka aka harba shi. Ran 12 ga Disamba 1970 aka harba tauraron ɗan'adam Uhuru daga wani dandali a cikin teku kusa da Malindi a Kenya, aikinsa kallon hasken eksire daga sama, don iskar duniyarmu tana tare shi ba'a iya ganinsa daga ƙasa. Sai aka ga gungu irin Coma da Perseus suna fitar da eksire a shimfiɗe, daga filin dake tsakanin galaksi da muke zaton fanko ne. Ashe gas ne cike da wurin, zafinsa digiri miliyan 10 zuwa miliyan 100, ya kai zafin da elektiron sun rabu da atom ɗinsu gaba ɗaya. Siriri ne sosai, a lita guda bai fi ki samu ƙwaya ɗaya ko makamancin haka ba, amma faɗin wurin ya kai shekarar haske miliyoyi, saboda haka in aka tara shi sai ya ninka nauyin duk taurarin dake gungun sau da dama. Rabon da muke samu kusan ko'ina shine ɓoyayyen abu kashi 80 zuwa 85 cikin 100, gas mai zafi kashi 10 zuwa 15, taurari gaba ɗayansu basu kai kashi 5 ba. Duk kyakkyawan hoton gungu da kika taɓa gani, irin na SMACS 0723 da teleskof ɗin James Webb ya fara fitarwa a Yulin 2022, wannan ɗan ƙaramin kason ne yake sheƙi a ciki.

Yanzu muna da hanya uku ta awo kuma basu dogara da juna ba, wannan shine abinda yake bani natsuwa da fannin. Ta farko ta Zwicky, gudun galaksi. Ta biyu zafin gas ɗin, don gas mai zafi so yake ya bazu, in kika san zafinsa da yawansa zaki iya lissafa nauyin dake danne shi. Ta uku lanƙwasar haske, wadda Einstein ya nuna cewa nauyi yana lanƙwasa hanyar haske, to gungu yana da nauyin da galaksin dake can bayansa sai hotonsu ya zo mana a miƙe a lanƙwashe, wani lokacin galaksi ɗaya ya fito sau uku ko huɗu a hoto guda. An fara tabbatar da irin wannan a Abell 370 wajen 1987. Akwai misalin da nake matuƙar so, a 2014 aka ga fashewar wani tauraro a bayan gungun MACS J1149 ya fito sau huɗu, masu taswirar nauyin gungun suka ce akwai wata hanyar da hasken ya biyo mai tsawo, zai sake bayyana a wuri kaza nan da kusan shekara, a Disambar 2015 teleskof ɗin Hubble ya duba wurin sai gashi ya fito. Ki duba fa, mutane sun zana taswirar abinda ba'a gani har sun iya faɗin lokacin da haske zai iso da inda zai sauka.

Dukkan hanyoyin uku suna bada nauyin babban gungu wajen nauyin rana sau 10 a kan 15, wato ɗaya da sifili 15. Sai dai basa haɗuwa cif, na gas sau da yawa yakan fito ƙasa da na lanƙwasar haske, saboda lissafin gas yana ɗauka cewa gas ɗin a kwance yake lafiya alhali yana motsi yana juyawa. Wannan ɗan giɓin mutane da yawa suna kashe shekarunsu a kansa kuma sun cancanta, domin yawan manyan gungu a kowane zamani na tarihin duniya yana gaya mana yawan abinda ke cikinta da saurin da abubuwa suka dunƙule, in ma'aunin nauyinki ya karkace to amsar ilmin sararin duniya gaba ɗaya ta karkace. Teleskof ɗin eROSITA a 2024 ya fitar da jerin gungu sama da 12,000, kinga matsalar yanzu ba ƙarancinsu bane, awonsu daidai ne aikin.

Nasan zaki haɗu da masu cewa babu wani ɓoyayyen abu, dokar girabiti ce take buƙatar gyara. Tambaya ce ta hankali kuma akwai masana na gaske a kanta, ban yarda a riƙa yi musu dariya ba, musamman da yake har yau babu ɗakin gwajin da ya kama ƙwayar wannan abu a hannu. Amma ni abinda ya tsayar dani shine gungun Bullet, sakamakon 2006. Gungu biyu ne suka yi karo suka ratsa juna, galaksi suka wuce abinsu don tazarar dake tsakaninsu tana da yawa, gas ɗin kuwa ya gwabza ya rage gudu ya tsaya a tsakiya, teleskof ɗin eksire na Chandra ya nuna shi ƙarara. To gas ɗin shine mafi yawan abinda ake iya gani, da shi ne ke da nauyin da lanƙwasar haske a tsakiya zata fi ƙarfi, amma da aka zana sai aka ga nauyin ya bi galaksi ya wuce gefe biyu ya bar gas a baya. Duk wanda zai gyara girabiti sai ya bayyana min wannan tukuna.

Akwai wata matsalar ta tsakiyar gungu, zan wuce ta da sauri duk da tana da daɗi. A tsakiyar gungu irin Perseus gas ya fi kauri, yana zubar da zafinsa ta eksire da sauri, lissafi yace ya kamata ya huce ya riƙa haifar da taurari ɗaruruwa a shekara, da teleskof ɗin eksire na XMM-Newton ya duba wajen 2001 sai ba'a ga gas mai sanyin da ake jira ba. Abinda aka fi yarda dashi yanzu shine baƙin ramin babban galaksin tsakiya yana feso wuta yana huda manyan kumfa a cikin gas ɗin yana mayar masa da zafi, a Perseus har an ga igiyoyin sautin da kumfan suke turawa a 2003. Yadda zafin yake rarrabuwa daidai wa daida har yanzu ana kai, teleskof ɗin XRISM na Japan da aka harba a 2023 akan haka yake aiki.

Nawa ɓangaren kuwa rediyo ne, gungun da suke cikin karo. In gungu biyu suka haɗu, wata igiyar bugu, wato bugun karon dake tafiya fiye da gudun sauti, tana ratsa gas ɗin ta nufi waje, a bakin wannan igiyar sai muga wani dogon baka na hasken rediyo, wani tsawonsa ya kai shekarar haske miliyan 5 ko 6, babu galaksin da za'a ce daga shi yake fitowa. Abell 3667 yana da guda biyu gefe da gefe, hotonsa na teleskof ɗin rediyo MeerKAT ki nema ki gani. Hasken daga elektiron yake zuwa masu gudu dab da na haske suna juyawa a cikin maganaɗisu mai rauni ƙwarai, ya gaza na duniyarmu sau dubu ɗari ko fiye. Irin waɗannan elektiron basa daɗewa, cikin shekara wajen miliyan 100 ƙarfinsu ya ƙare, saboda haka ba daga nesa suka taso ba, a nan inda muke ganinsu wani abu yake basu ƙarfi. To ga inda gizo ke saƙa, igiyar bugun da muke aunawa bata da ƙarfi sosai, gudunta bai fi ninki biyu ko uku na gudun sauti a cikin gas ɗin ba, kuma lissafi ya nuna mai rauni irin wannan da wuya ta ɗauki elektiron daga cikin gas ta kai shi wannan matsayin har ya bada hasken da muke gani. Shi yasa da yawanmu muke zargin akwai tsofaffin elektiron da baƙaƙen ramuka suka feso tun da daɗewa suka galabaita suna nan kwance, igiyar ta zo ta sake tada su. Ni na karkata ga wannan a gungu da dama, amma bana jin ita ce amsar kowane ɗaya, kuma aikina shine in ɗauki hoton rediyo in ɗora shi akan na eksire in ga ko ƙarfin igiyar da kowanne ya bayar ya yi daidai, sau da yawa na rediyo yakan fi, kuma dalilin wannan saɓanin nake bi.

Yanzu ga maganar teleskof da ta dame ki. Mafi yawanmu a duniya baki ɗaya bama zama a gindin teleskof. Chandra da XMM-Newton tun 1999 suke sama babu mai taɓa su, MeerKAT faranti 64 ne a hamadar Karoo ta Afirka ta Kudu, an ma hana waya a wurin don kada ta ɓata sigina. Yadda ake yi shine ki rubuta takardar neman lokaci ki bayyana abinda zaki duba da dalili, kwamiti ya tace, masu nema sun ninka lokacin da ake dashi, in an baki ma'aikatan wurin su ɗauko miki data su turo. Kuma galibi bayan shekara ɗaya datar tana zama ta kowa, duk mai intanet zai iya saukewa kyauta. MeerKAT ya duba gungu 115 ya saki hotunan ga jama'a, shirin taswirar sama na Sloan Digital Sky Survey yana da bayanan miliyoyin galaksi a buɗe. Akwai data a ajiye da babu wanda ya zauna ya duba ta da kyau saboda hannu ya yi kaɗan. Abinda yake wahal damu a nan wuta ce da intanet da kwamfuta mai ƙarfi, ɗanyen datar rediyo na dare ɗaya zai iya haura terabait, laftof bazata ɗauka ba, shi yasa nake aikin nauyi akan manyan kwamfutocin abokan aiki a waje ta intanet in sauko da ƙaramin sakamakon kawai. Yana yiwuwa, amma sai kina da abokan aiki, mutum ɗaya shi kaɗai a ofis baya yin wannan binciken ko a ina yake.

Koyarwa kuma, gaskiya zan gaya miki ita take cin mafi yawan lokacina. Ajin fiziks na 'yan lebul 100 ɗaruruwa ne a zaure ɗaya, ga firaktikal, ga makin ɗin takardun jarabawa, ga furojet na 'yan ajin ƙarshe, ga mitin. Bincike sai da asuba kafin lakca ko lokacin hutu, kuma in aka shiga yajin aiki aka dawo aka matse semista to watanni sai su wuce ban buɗe datata ba, wannan yana min ciwo don abokan aikina na waje basa tsayawa jira. Amma ban taɓa ganin aji a matsayin abinda ya tare min hanya ba. Duk abinda nake amfani dashi a gungu a cikin kwasakwasanku yake, girabitin Newton, dokar gas, tasirin Doppler, elektiron a cikin maganaɗisu, kuma duk shekarar da na sake koyar dasu sai na ƙara riƙe su da kyau, don ɗalibi zai jefo tambayar da abokin bincike bazai taɓa yi ba saboda shi ya riga ya saba.

Babbar matsalar da nake gani a ɗalibanmu ba ƙarancin ƙwaƙwalwa bace ko kaɗan, wallahi akwai yara masu kaifi. Matsalar an raine su akan cewa fiziks hadda ce, a haddace fomula a zuba lamba a samu maki. Sai ki ga yaro ya lissafa nauyin rana ya samu kilo 2,000 ya ja layi biyu a ƙasa ya miƙo, bai tsaya ya tambayi kansa ko wannan lambar zata yiwu ba, don ba'a taɓa nuna masa cewa lambar tana magana akan wani abu na gaske ba. Wannan laifinmu ne mu malamai da tsarin da muka gada. Shi yasa a kwas ɗina na 'yan sama nake ware sati biyu mu sake aikin Zwicky da hannunmu. Ina basu jerin galaksi na yankin Coma daga Sloan, kowanne da gudunsa, su fitar da matsakaicin gudu wanda yake wajen kilomita 7,000 a daƙiƙa, su ga yadda kowanne ya kauce daga matsakaicin, su fitar da wannan 1,000 ɗin da kansu, su haɗa da faɗin gungun su samu nauyi, sannan su kwatanta da hasken. In lambar ta fito ajin yakan yi tsit, sai wani yace Malam akwai kuskure nauyin yayi yawa, su koma su sake, ya sake fitowa haka. Daga nan sai gardama ta ɓarke, wani yace ƙila gungun watsewa yake yi, wata tace ƙila akwai galaksin da ba 'yan gungun ba a cikin jerin, wani yace ƙila taurari marasa haske ne, kuma duk waɗannan sune ainihin tambayoyin da masana suka yi ta yi shekara da shekaru. Bana basu amsa a ranar, sai na ce kowa ya je ya nemo yadda za'a gwada tasa hujjar. Ɗalibin da ya wuce ta wannan ko ya koma koyar da sakandare ko ya shiga banki ya riga ya san bambancin abinda aka gaya masa da abinda ya auna.

Wani abin da zaki yi ta fama dashi a gida shine mutane suna haɗa aikinmu da duba, da zarar kin ce taurari sai a ɗauka tauraron mutum zaki buga. Ni da haƙuri nake bayani, falaki ilmi ne da malamanmu suka daɗe suna riƙe dashi don lokutan salla da alƙibla da lissafin wata da damina, kuma wanda ya fara rubuta bayanin Andromeda da muka sani Abdurrahman al-Sufi ne a shekarar 964, ya kira shi ɗan ƙaramin gajimare. In damina ta ɗauke a Oktoba zuwa farkon Nuwamba kafin hazo ya sauko nakan fita da ɗalibai bayan gari da ƙaramin teleskof, wannan ne lokacin da samanmu ya fi kyau, kuma Andromeda ana ganinsa da ido in wurin da duhu sosai.

To ta ina zaki fara. Ki riƙe lissafi da kyau, musamman kalkulos da istatistiks, don rabin aikinmu sanin girman kuskuren awo ne. Ki koyi Python, yaren shirya kwamfuta, tun yanzu kada ki jira a saka miki a kwas, da shi muke komai, ki saba da Linux. Ki dage sakamakonki yayi kyau don duk tallafin karatu da shi ake fara tacewa. A gida Jami'ar Najeriya ta Nsukka ta daɗe a wannan fannin, a can marigayi Farfesa Samuel Okoye ya kafa tushe, shi da ya yi aiki da masanin falakin rediyo Antony Hewish a Kambirij, kuma akwai cibiyar ilmin sararin samaniya ta NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, a Nsukkan. Akwai makarantar falaki ta ɗan gajeren lokaci mai suna PASEA wadda ta faro a Abuja a 2013, ana ɗaukar ɗaliban digiri na farko, ki sa ido akan sanarwarsu don a irin wurin ake haɗuwa da masu rubuta wa mutum takardar shaida. A waje akwai shirin karatun falaki na NASSP a Afirka ta Kudu, da cibiyoyin lissafi na AIMS a Ghana da Kamaru da Senegal da Ruwanda da Afirka ta Kudu, da difloma ta shekara ɗaya a cibiyar fiziks ta ICTP dake Trieste a Italiya. Ki karanta sharuɗɗan kowanne da kyau, wasu tallafin na rediyo an ware su ne ga ƙasashe takwas abokan shirin SKA, wato babban teleskof ɗin rediyo na ƙasa da ƙasa, a Afirka, Ghana na ciki har ta mayar da tsohon faranti mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama teleskof a 2017, Najeriya da Nijar basa ciki.

Bazan ɓoye miki ba, guraben aiki na dindindin a wannan fannin kaɗan ne ko a Turai, da yawa daga waɗanda muka yi karatu tare sun koma aikin nazarin data a kamfanoni kuma suna cin abincinsu lafiya da abinda suka koya a nan. Kuma ke mace ce, za'a yi miki tambayoyin da ba'a yi min ba akan tafiya karatu waje da shekarun da zai ɗauka, shawarata ki shigo da iyayenki cikin maganar tun yanzu da sauran lokaci, ki nuna musu abinda kike yi da inda zai kai, kada sai takardar gurbi ta zo su fara ji. Ina da ɗalibai mata da suka yi hakan kuma ya yi musu sauƙi.

Furojet ɗinki na lebul 400 zai iya zama wannan awon na Coma, laftof ta isa. Ki shiga shafin Sloan ki nemi galaksin dake cikin digiri ɗaya ko biyu daga tsakiyar Abell 1656, lambar Coma kenan, ki sauke gudunsu, ki zana su a jadawali kafin ki lissafa komai. Zaki ga tudu babba wajen 7,000 da wasu 'yan tsiraru can nesa a 20,000 ko 30,000, waɗannan ba 'yan gungun bane suna can baya ne kawai sun faɗo a saiti ɗaya, in kika bar su a ciki nauyin zai kumbura ya wuce gaskiya. Inda zaki yanke layin ki ce wannan na ciki wannan na waje shine shawarar farko da zaki yanke da kanki, ki gwada yankewa a wuri biyu ko uku ki rubuta yadda nauyin yake canzawa, sannan ki turo min abinda kika samu tare da jadawalin mu duba tare.